Ranar da Na Kayar da Kaina

Shekarar da aka fara ba ni ɗaliban furojet, jan birona bai huta ba. Wata safiya ɗalibata Rahila ta miƙo mini babi guda. Tun kafin ta zauna na hau shi da gyara, a gaban abokan aikina biyu.

"Wa ya koya miki wannan shirmen?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, naka ne. Kai ka ce in yi hoton furojet ɗinka a laburare in ga yadda ake yi."

Na juya takardun, na sake juyawa. Wallahi ban gane rubutun ba.

Har yau, ko a Babbar Kasuwa muka haɗu, sai abokan nan su ce, "Malam, yaron nan naka ya ci, ko maimaitawa zai yi?"