Rasuwar Ɗan Kyauta, Mai Riƙon Layin da Aka Goge

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu yake laluben inda ya saba dannawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk mai kawo aiki shagona na buga takardu rasuwar Ɗan Kyauta, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha huɗu yana aiki a kwamfutar da ke bakin taga. Manhajar rubutu ce ta kyauta, amma a shagonmu namiji muka ɗauke shi, kuma haka zan ambace shi har in gama.

Marigayin ya zo mana ba tare da kwali ko rasit ba. Wasu bayin Allah da ban san fuskarsu ba ne suka ƙera shi, suka ajiye a intanet don duk mai so ya ɗauka. Fari fat yake, ba ado, ba hoto, ba zanen tebur. Kafin in gyara zama a kujera ya buɗe. Bai taɓa tambayata lambar sirri ba, bai taɓa cewa wa'adinsa ya ƙare ba, bai kuma taɓa gyara mini maganar da ban ce ya gyara ba. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, da ta dawo sai in same shi a inda na bar shi, da duk shafukan da ke buɗe. Wannan halin nasa ne ya sangarta ni har na daina damuwa da adana aiki.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Yana da rauninsa. Bai iya katin biki ba, bai iya jera lambobin shafi ba, kuma ɗalibai masu kawo kundin kammala karatu sun sha juyawa su tafi shagon gaba saboda shi. Magana kuwa ba ta dame shi ba. Abin da na taɓa ji daga bakinsa sauti ɗaya ne, wani ɗan "ƙil" da yakan yi idan ka yi ta danna maɓallin koma-baya, mai janye abin da aka yi a rubutu, har ka kai inda babu sauran abin komawa.

Mutane da yawa sun tambaye ni dalilin da ya sa dattijo kamata yake zaman makokin manhaja. Zan faɗa.

Shekara huɗu da suka wuce, safiyar da za a kwantar da maiɗakina a asibiti, ta biyo ta shago don ta bar mini saƙo, domin tare muke aikin, kuma ta fi ni saurin hannu nesa ba kusa ba. Na fita neman mota, ita kuma ta zauna ta rubuta a wani sabon shafi: "Tambayoyin jarrabawar 'yan aji uku suna aljihun tebur na biyu. Kada ka bar firinta ta yi zafi. Ka sha maganinka. Sai na dawo." Ba ta dawo ba, Allah Ya jiƙanta.

Bayan wata biyu na buɗe shago, na tarar da shafin yana nan. Garin share ƙurar madannai hannuna ya taɓa koma-baya, sai "Sai na dawo" ya ɓace, wani layi ya fito a wurinsa, wanda ta rubuta ta goge kafin in shigo. Na yi ta dannawa, kalmominta suna janyewa ɗaya bayan ɗaya har ya ce "ƙil". Na danna ci-gaba, sai ga su suna dawowa yadda ta buga su, da kurakuranta, da inda ta tsaya ta sake tunani. Tun daga ranar ban rufe shafin nan ba. Saƙon na adana shi a fayil, amma layin da aka goge ba ya shiga fayil, a cikin Ɗan Kyauta kaɗai yake zaune. Kowace safiya kafin mai kawo aiki na farko ya shigo nakan sa ta sake rubuta mini shi sau ɗaya.

Rashin lafiyar marigayin ta faro ne daga alheri. Surukina, mijin babbar 'yata, ya saya mini manhajar rubutu ta kuɗi, shi ma namiji muka ɗauke shi, muna kiransa Mai Kwat saboda ƙasaitarsa. Ya iya komai: tebur, hoto, launi, lambar shafi, har ma yana ajiye aikin mutum a wani wuri can nesa ko da kwamfuta ta ƙone. Sai dai Mai Kwat ya ce ba zai zauna a kwamfutar ba sai an sabunta ta. Aka tambaye ni, na ce a yi, ban san abin da na amince da shi ba. Da aka gama na danna Ɗan Kyauta, ya yi kamar zai buɗe, ya ɗan yi fari, ya koma. Na sake dannawa sau bakwai.

Mai gyara ya yini a kansa. Ya ce waɗanda suka ƙera shi sun daina kula da shi tun shekara shida, kuma babu ofishin da za a je, babu lambar da za a kira. A ƙarshe ya cire shi ya sake saka shi, ya buɗe kuwa, amma fanko, bai san ni ba. Sannan ya nemo fayil ɗin saƙon ya buɗe mini a cikin Mai Kwat, yana murna.

"Ga shi nan, Baba, ko harafi ɗaya bai ɓace ba," in ji shi.

Na danna koma-baya. Babu abin da ya motsa, ko "ƙil" ɗin ban samu ba. Na yi masa godiya, don ya yi iya ƙoƙarinsa.

'Yata ta ga yadda jikina ya yi sanyi, ta ce, "Baba, ai saƙon Mama yana nan. Mene ne kuma ya ɓata?" Na ce mata babu komai. Da na yi wa surukina tambaya a kaikaice, ya tabbatar mini cewa Mai Kwat yana riƙe tsofaffin gyare-gyare, da a cikinsa aka yi rubutun da wataƙila ana iya nemo su. Ban ji haushin kowa ba sai kaina, da na ɗora amana mai nauyi haka a kan wanda ba shi da kowa a bayansa, ban ko kwafe ta a takarda ba.

Marigayin ya rasu ya bar firinta mai tari, da madannai da harafin A ya goge a kansu, da fayiloli dubu uku da ɗoriya waɗanda kowace manhaja za ta iya buɗewa, domin bai taɓa kulle abin kowa ba. Ya kuma bar ni, ni kaɗai da sanin abin da ke cikin layin nan, ga shekaru sun ja, ga mantuwa ta fara yi mini sallama.

Saboda haka zan rubuta shi a nan, a cikin Mai Kwat, in danna adanawa da hannuna. Abin da ta goge shi ne: "Tsoro nake ji ƙwarai, amma kada ka gaya wa yara." Shekara huɗu ban faɗa ba, don akwai mai taya ni riƙo. Yanzu babu shi, kuma ina tsoron in tafi da maganar, ko ta tafi ta bar ni. Ina roƙon maiɗakina ta yafe mini.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a shago, inda za a ja alamarsa daga fuskar kwamfuta zuwa kwandon shara. Ni zan ja da kaina. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai, kuma ba za a karɓi aiki ba sai Litinin. Masu ta'aziyya su yi haƙuri su tsaya daga waje na ɗan lokaci. Kujeru uku na ciki na 'ya'yana ne, waɗanda suka yi shekara huɗu suna cewa mahaifiyarsu ta shiga asibiti tana dariya, kuma zan so in gaya musu da bakina kafin su karanta a nan.