Rasuwar Dogo, Keken da Ya Jingina da Wayar Filin Jirgi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma sallamawa ga abin da Allah Ya hukunta, ni Yusha'u Sabo na Rafin Guza, masinja a ɗaya daga cikin ma'aikatun gwamnati a nan Kaduna, ina sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan aiki rasuwar kekena, wanda aka fi sani da Dogo. Ya rasu ranar Asabar ta makon jiya, da misalin ƙarfe bakwai saura na safe, yana jingine da wayar da ta kewaye filin jirgin sama. Shekararsa ashirin a hannuna. Ban san nawa ya yi kafin nan ba, don na hannu na saye shi.

Marigayin baƙi ne, dogo, mai haƙuri. Bai taɓa kayar da ni a gaban mutane ba. Ya ɗauki takardun gwamnati tun zamanin Turawa, ko ɗaya bai taɓa yarwa a hanya ba. Ranar da aka koma tuƙin hannun dama, direbobi suka rikice a Kawo, shi kuwa ya bi dama kamar a can ya tashi. Aibinsa ɗaya ne, kacarsa takan zame idan ya ga tudu. Maganarsa kuma biyu ce tak: ƙiii ta birki, da ƙirrin-ƙirrin ta ƙararrawa.

Shi ya kai ɗana Abdurrahim firamare a kan kariya, wato mazaunin baya. Shi ne kuma ya fara nuna masa jirgi. Wata Lahadi tayarsa ta sace kusa da filin, na tsaya ina ba ta iska, jirgi ya taso ta kanmu, yaro ya daina jin kira. Yau Abdurrahim yana da shekara ashirin da shida. Mataimakin matuƙi ne a ƙaramin jirgin wani kamfani, irin mai ƙugin nan marar farfela, wanda manya ke hawa. Tun da ya kama aikin nan ban ƙara cin abinci na ƙoshi ba ranar da yake sama. Duk saukar da ba ta faɗo lokacin ofis ba, ni da marigayi muna can ƙarshen titin jirgi, a turken waya na uku daga kwalbati. Da tayoyi sun taɓa ƙasa sai in kaɗa ƙararrawa sau biyu, mu juya. In mun iso ƙofar gida in sake kaɗawa sau biyu. Mero, mahaifiyarsa, ba ta tambayata komai. Ƙararrawar take jira ta sauke tukunya.

Ciwon ajalin marigayi ba a jikinsa ya fara ba. Bara Abdurrahim ya zo ya durƙusa, ya ce kamfani zai tura shi ƙarin horo na wata guda, don ya sami takardar sauka cikin hazo. Na ce me ake koyarwa a can?

Ya ce, "Baba, wata hula ake kifa maka, ba ka ganin waje sam, sai agogunan da ke gabanka. Haka za ka sauko da jirgi har dab da ƙasa." Yana dariya yake faɗa.

Na ce, "A rufe maka ido kana sama?"

Ya ce, "Akwai malami a gefe, Baba."

Na ce, "Malamin shi ya haife ka?"

Ban ɗaga murya ba. Na dai ce ban yarda ba, in kuma ya je ban yafe ba. Ya tashi, ya rubuta wa kamfani cewa yana da uzurin gida. Bayan Babbar Salla suka sake kiransa. Ya turo uwarsa ta roƙe ni, na maimaita mata abin da na faɗa, ya sake rubutawa. Wasiƙun nan biyu ni na kai su ofishin kamfanin da hannuna, a ɗaure a kariyar marigayi, har na sa aka sa mini hannu cewa an karɓa, yadda muka saba a wurin aiki. A dawowa ta biyu kacar marigayi ta zame, alhali babu tudu.

Ranar Asabar ɗin ruwa ya ɗauke kafin asuba, wani farin hazo ya taso daga rafi ya rufe gari. Ina kan sirdi ba na ganin tayar gaba. Na sauka na tura shi har turkenmu. Jirginsu daga Legas yake. Na ji ƙuginsa ya wuce ta kanmu ya yi nisa, na ce alhamdulillahi, sun nufi Kano. Sai na ji ya dawo.

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba. Na kaɗa ƙararrawa tun kafin ya sauka. Na yi ta kaɗawa ba tsayawa, wai don ya ji inda ƙasa take. Na san ba a ji. A lokacin ma na sani.

Ƙugin bai zo ta inda ya saba zuwa ba, ta gefe ya zo. Na saki marigayi jingine da waya na ruga, na faɗa kwalbati. Jirgin bai sami kwalta ba, a ciyawa ya dira, ya yi ta sulɓi, fiffikensa ya share waya da turaku. Cikin duk wannan ƙarar na ji ƙirrin, sau ɗaya. Ita ce maganarsa ta ƙarshe.

Mutum shida ne a jirgin, duka an fito da su da rai. Abdurrahim ya karye a cinya. Daga baya aka yi mini bayani, ni ma na rubuta yadda na fahimta. Kyaftin, wato babban matuƙin, yana da takardar hazo, mataimakinsa ba shi da ita, doka kuwa ta ce sai su biyun. A irin wannan sauka aikin mataimaki shi ne ya kafe ido a kan agoguna yana faɗin nisan ƙasa. An ce Abdurrahim ya ɗaga kai yana neman ƙasa da ido. An ce abin da hular nan take hanawa ke nan.

Na je asibiti. Abdurrahim ya ce, "Baba, ina Dogo?" Na ce ya rasu. Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Kada ka je wurin kwamiti. Na riga na gaya musu ni ne ban so zuwa horon ba." Kwamitin bincike zai zauna ranar Alhamis mai zuwa. Idan suka tsaya a kan cewa shi ya ƙi horo don kansa, za su karɓe takardar tuƙinsa gaba ɗaya. Ban san ko maganar masinja tana da nauyi a irin wannan zama ba. Aikina kai takarda ne in tsaya a waje.

Marigayi ya bar famfon iska ɗaya, wanda ya tsira saboda yana wurin aro a gidan maƙwabcina Hassan. Ya bar kwaɗo da makulli, da maƙalan wando biyu da ke ƙafata a lokacin. Ya bar ƙararrawa, an tsince ta cikin ciyawa, ta lotse amma tana magana. Ya bar Mero, wadda ta tsaya a ƙofar gida har hantsi ran nan. Ya bar ni.

Likitansa na shekara ashirin, Ɗanasabe mai gyaran keke, ya buɗe buhun da na kwaso shi a ciki ya duba, ya ce, "Malam, ko sifana ba zan ɗauko ba." Na tambayi liman ko akwai wata addu'a da ake yi wa irinsa. Ya dube ni, ya ce in je in kwanta.

Za a ɗauki gawar daga gidana ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe, a kai ta bayan rumfar Ɗanasabe, inda sauran 'yan'uwansa suke. Ba a cire masa komai ba sai ƙararrawa. 'Yata Halima za ta kai wa yayanta ita, a ɗaura masa a ƙarfen gado, ya riƙa kiran nas da ita in yana son ruwa. Ba za a yi zaman makoki ba. Masu son yin ta'aziyya su yi wa Mero, tana ciki.

Wanda ya zo bai same ni ba ya yi haƙuri. Kwamiti ƙarfe tara zai zauna, takardun shaidar karɓar wasiƙun nan biyu suna aljihuna, kuma wannan karon ba a waje zan tsaya ba. Da ƙafa zan tafi, don haka zan fita da wuri.

Yusha'u Sabo, Rafin Guza, Kaduna.
Agusta, 1977.