Alƙalin Ƙura da Motar Madam Novotny

Duk faɗin arewacin jihar Ohio, in ana maganar sanin tsofaffin motoci, sai kowa ya ja da baya ya bar wa Verlin Rademacher fili. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma ya sha faɗa. Shekara ashirin da shida yana alƙalanci a bikin motocin da ƙungiyarmu ke yi kowane watan Agusta, bai taɓa yin kuskure ba, domin shi ke yanke hukunci, shi kuma ke sauraron ƙorafi. A gabansa muna ce masa Alƙali. In ya juya baya kuwa, Mai Gani Har Hanji.

Ranar biki ka gan shi ka sha kallo. Farar safar hannu, tocila a ɗamara, da ɗan madubi a bakin sanda irin na likitan haƙori, na leƙen ƙarƙashin mota. Labule da kafet ya yi shekara talatin yana sayarwa a babban titi, amma in ya buɗe baki kan inji sai ka rantse da baƙin mai aka yi masa wankan farko. Ya taɓa hana wani dattijo lambar yabo saboda noti guda a ƙarƙashin kujera, wai ya cika sheƙi. Dattijon ya koma gida da hawan jini, Alƙali kuwa ya samu labarin shan kofi na wata shida.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Akwai majalisar alƙalan motoci ta ƙasa baki ɗaya, masu shuɗiyar kwat, kuma sau uku yana neman shiga, sau uku ana aiko masa da wasiƙar godiya. Kowa ya san dalili. Ba a ɗaukar mutum sai ya taɓa tono mota da kansa, irin ƙosassun motocin nan na shekarun sittin da saba'in masu ruri, wadda aka manta da ita a wani sito har ƙura ta binne ta. Verlin ya yi wa motocin mutane dubu hukunci, bai taɓa tono ko keken guragu ba. Kwat ɗin dai tuni ya ba tela ya ɗinka, tana rataye cikin leda.

Ni ne na ga motar. Ina so a rubuta wannan, tunda shi bai rubuta ba. Sana'ata jan motocin da suka mutu a hanya, na je gonar Madam Ardith Novotny in ciro mata tarakta daga taɓo, sai na hango ɗuwawun wata jar mota a cikin sitonta na ciyawa, da baƙaƙen zane biyu sun taso tun daga baya sun nufi gaba. Tsautsayi ya sa na faɗa a wurin shan kofi ranar Litinin da safe. Kafin in kai kofin bakina, Alƙali ya riga ya kai bakin ƙofa. Zuwa yamma gari ya ɗauka cewa shi ya gano ta, wai yana wucewa ta titin gonar ya ji warin tsohuwar roba ta 1970 a iska.

Ga abin da ya sa yake rawar jiki. A waccan shekarar kamfanin ya ƙera irin wannan jikin mota dubun dubata da ɗan ƙaramin inji, na malaman makaranta da masu zuwa coci. Sai ya ware 'yan ɗaruruwa ya zuba musu shirgegen inji mai silinda takwas, ya yi musu baƙin zane da tambarin ƙarfe a gefe. Ta Madam Novotny tana da zane, tana da tambari. Abin da ya rage shi ne a duba lambar shasi da ke jikin ɗan ƙarfe a gindin gilashin gaba, harafi guda a ciki zai faɗi gaskiya. Aikin minti ɗaya ne, in mutum ya yarda ya goge ƙurar da ta rufe gilashin.

Ranar Litinin ɗin, da muka shiga siton na kai hannu zan goge, ƙarar da Alƙali ya yi sai da tattabarun rufin suka tashi.

"Kada ka kuskura! Ka san abin da za ka taɓa kuwa? Shekara arba'in ce kwance a nan. Fenti kowane sakarai yana iya sakewa, amma nuna mini shagon da ake sayar da wannan ƙura. Lamba kuma ta 'yan koyo ce. Mu da Allah ya ba ido, mota ce ke yi mana magana da bakinta."

A nan ba shi kaɗai ke da laifi ba, duk haka muke. Motar da aka tono ba a wanke ta, ba a hure ta, da kashin tsuntsunta ake kai ta wurin biki a lulluɓe, kada iska ta rage mata daraja. Sai dai mu mukan saci kallon lambar tukuna. Alƙali ya wuce wannan matsayin. Ya zagaye motar da jar igiya. Ya hana buɗe bonet, wai iskar da ke ciki ta zamanin da ce, ba za a sake ta ba sai a gaban shaidu. Ya hana atishawa a cikin siton.

Madam Novotny tana tsaye da bokitin tsabar kaji tana kallonsa. Shekarunta tamanin da ɗaya, ta san shi tun yana yawo da majina. Ta fara cewa ai motar nan marigayi Harlan, mijinta, ne ya... Alƙali ya ɗaga farar safa ya dakatar da ita. Ya bayyana mata cikin ladabi cewa babbar ƙa'idarsa ita ce ba ya sauraron mai mota, domin labarin iyali yana gurɓata kunnen alƙali. Ta sake gwadawa, ya sake ɗaga hannu. A karo na uku sai ta dube ni, ta dube shi, na ga wani ɗan murmushi ya taso a gefen bakinta. Ta ce to madalla, bari ta je ta ɗora kofi.

Sannan ya kwanta rigingine a kan bargon da ya zo da shi, ya zura madubi a saman tayar gaba ta hagu, kusa da inda fitila ɗaya ta fita ta bar rami.  Sai muka ji shessheƙa. Ya fito fuskarsa jiƙe da hawaye, yana nuni da tocila. A jikin ƙarfen akwai zane-zane na alli mai ruwan ɗorawa, layi bisa layi, kowane layi sanda ashirin da ɗaya da da'ira a ƙarshe. Na ƙasan ne kawai bai cika ba, sanda shida ne. Kowa a harkarmu ya san ma'aikatan kamfani kan yi alama da alli a jikin mota in sun gama duba ta, kuma samun irin alamar nan ya fi samun zinariya.

"Matakin bincike ashirin da ɗaya," in ji shi. "Motocin musamman kaɗai ake yi wa haka. Dubi ƙarfin hannun nan, wannan tsohon soja ne, kuma bahago. Layin ƙarshe kuwa bai ƙarasa ba saboda an busa tashi daga aiki. Jama'a, ina jin wannan ce mota ta ƙarshe da ta sauko daga layi a waccan shekara."

Daga nan gari ya rikice, har da ni, ba zan ɓoye ba. Mutum ya yi shekaru yana jan gawar motoci, yau ga shi a cikin tarihi. Alƙali ya buga wa majalisa waya, suka ce za su turo wakiliya ranar Juma'a. Ya kira ɗan jaridar garinmu, ya tsaya gefen igiya hannu a ƙugu aka ɗauke shi hoto. Ya daina gaisawa da hannu, wai yana tattalin yatsunsa. A wurin shan kofi ya fara cewa "mu a majalisa", ya kuma yi wa mai kawo abinci alkawarin ba zai manta da ƙananan mutane ba.

Ranar Laraba na raka shi ya auna kaurin ƙura. Na leƙa saman tayar don in ƙara more idona, sai na ƙirga sanda takwas a layin ƙasa. Na sake ƙirgawa. Na ce masa shekaranjiya fa shida ne. Ya dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa maras lafiya, ya ce tsohon alli haka yake, in ya ji danshin numfashin mutane sai ya riƙa farfaɗowa a hankali, kuma zai rubuta maƙala a kai. Muna cikin haka wani ɗan gurnani ya fito daga cikin bonet. Ya ɗaga yatsa, ya lumshe ido. Ya ce ƙarfe ne ke ajiyar zuciya.

Juma'a ta zo da mutum kusan sittin a tsakar gonar. Madam Novotny ta gasa kek ɗin tuffa har tire huɗu, ta sa rigar zuwa coci, ta jawo kujera gaba-gaba. Alƙali ya iso cikin shuɗiyar kwat, wai don kada a wahalar da majalisa da jiran tela. Wakiliyar kuwa wata gajeriyar mata ce mai suna Glenda Sobczak, da tsohon wandon aiki da ɗan littafi a aljihu. Ba ta da safa, ba ta da madubi. Alƙali ya raɗa mini cewa da gani sabuwa ce, zai bi da ita a hankali.

Ya yi jawabi na minti arba'in. Ya faro daga ƙuruciyarsa, ya bi ta kan baiwar hanci, ya yafe wa waɗanda suka yi masa hassada, ya ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya don su san an yafe musu. Yana cikin bayanin tsohon soja bahago, Glenda ta tsallake igiya, ta lashi babban yatsanta, ta goge gindin gilashi. Mutum sittin suka ja numfashi lokaci guda. Ta duƙa, ta karanta, ta miƙe ta ce harafin na ƙaramin inji ne.

Da wani mutum ne, da sai ya nemi kujera. Alƙali dariya ya yi. Ya ce kamfani kan yi kuskuren buga harafi, wannan ma ƙarin shaida ce cewa motar ba ta da ta biyu a duniya. Ya gyara safa, ya ce yanzu inji zai yi magana da kansa, masu ciwon zuciya su matsa baya. Ya ja marfin bonet ya ɗaga shi sama da hannu biyu.

Babu inji, babba ko ƙarami. Katako ne aka shimfiɗa a gurbinsa, da ciyawa a kai, da wata jar kaza ƙatuwa kwance a tsakiya ta baza fukafukai. Ta karkata kai ta dubi Alƙali da ido ɗaya, ta yi irin gurnanin nan na ranar Laraba.

Sai a lokacin aka bar Madam Novotny ta ƙarasa maganarta ta ranar Litinin. Harlan ya sayi motar ta hannu a 1974, da ɗan injinta na zuwa coci. Tambarin ta gidan waya ya yi odarsa, zanen kuwa shi ya ja abinsa da buroshi a bayan gidan ubansa, duk don ya burge ta. Ta ce tun ranar farko ta gane, don motar ko tudun makaranta ba ta iya hawa sai da nishi, amma namijin da zai yi kwana uku yana fenti saboda ke ai ba a barinsa ya wuce. Injin ya daɗe da komawa jan ruwa a rijiyar gona. Kajinta kuwa ta ramin fitila suke shiga su yi kwanci, ita kuma kullum da safe sai ta ja sanda guda da allin da take yi wa tumaki shaida, ranar da aka ƙyanƙyashe ta yi da'ira.

Dariyar da aka yi a gonar nan, wani sai da ya zauna a ƙasa. Ni kam kek ya sarƙe ni har aka bubbuga mini baya. Glenda ba ta yi dariya ba, ta dai rubuta layi ɗaya a littafinta ta mayar aljihu, ta karɓi kek. Alƙali yana nan riƙe da bonet a sama, ya rasa yadda zai sauke. Can ya yi gyaran murya ya ce dama yana da 'yar shakka tun farko, kuma ko ba komai, shi ne mutum na farko da ya gane cewa alamomin suna bin tsari na ashirin da ɗaya, wanda ke nuna idonsa bai yi ƙarya ba.

"Haka ne, Verlin, ɗan albarka," in ji Madam Novotny. "To tunda kai ne gwanin karatunsu, duba mana ka gaya wa mutane saura kwana nawa ta ƙyanƙyashe."

Ya sauke bonet a hankali. Ya durƙusa da sabuwar kwat ɗinsa a cikin kashin kaji, ya zura madubi, ya kunna tocila. Ya ƙirga da farar safa, leɓensa na motsi, ya sake ƙirgawa. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya fuskanci wakiliyar majalisa da muryarsa ta yanke hukunci.

"Tara."

"Sha ɗaya," in ji Madam Novotny.