Ranar da Na Raba Gadon Baba Yana Zaune

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na raba gadon mahaifina yana zaune yana kallona ba.

A farkon shekarun tamanin ne, na gama makarantar horon malamai aka turo ni garinmu, Gwashi. Da safe in koyar da yara, bayan la'asar in koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci. Baba ma ɗalibina ne. Kullum a layin gaba yake zama, don kowa ya san ɗan waye ke riƙe da alli.

A shekarar ne wasu 'yan'uwa biyu a garin suka yi ta jan juna kotu a kan gona har suka daina gaisawa. Ni kuwa na je wani taro a Gummi, na ji wani alƙali yana bayanin rabon gado da amfanin rubuta wasiyya. Kwana biyu kacal na yi, amma na dawo ina jin ba wanda ya kai ni sani a duk ƙasar Bukkuyum. (Lokacin biro uku nake jerawa a aljihun gaba, biyu ba sa rubutu.)

Na ce wa ajin manya yau darasin gado za mu yi. Da Malam Wane na ɗauka misali, da an tashi lafiya. Amma ina so abin ya shiga jikinsu, sai na ce, "Mu ɗauka yau Baba ya rasu."

Kowa ya juya ya dube shi. Baba ya gyara zaman hularsa. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na juya allo na jera dukiyarsa: shanun huɗa biyu, gonar fadama, awaki, jaki. Na fitar wa Inna tumuninta, na ba kaina kashi biyu, ƙannena mata kashi ɗaya-ɗaya, ina yi ina jan layi da rula.

Sai Buba, wani dattijon Bafulatani maƙwabcinmu, ya ɗaga hannu kamar yadda na koya musu.

"Malam, shanun ga nawa na. Riƙo nib ba babanka, shi yi huɗa shi kiwata min."

Na goge shanu. Ban ajiye tsumman ba mijin Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ya yi gyaran murya.

"Hwadama kau ta gwaggonka ta. Gadonta na, aro tab ba shi."

Na goge fadama. Wani daga baya ya ce awaki ai kowa ya san na Inna ne. Na goge awaki. Da na ja baya na dubi allon, jaki kaɗai ya rage. Mutum ɗaya ya fara dariya, sauran suka kama. Baba ya sunkuyar da kai. Abin da gari ya sani yake rufa masa shekara da shekaru, ni ɗansa na tona shi da alli. Ban taɓa jin kunya da tausayi irin na ranar ba.

Na laɓe a ɗakin Inna. Ita ma ba ta raga mini ba: "Ka kashe shi, ka tsiyata shi, duk a yini guda."

Washegari da hantsi Baba ya kira ni zaure. Na tarar da liman zaune. Na ce shi ke nan, tsine mini za a yi a gaban shaida.

"Zamna," in ji Baba. "Gida guda muke kwana, ba ka san abin da an nawa ba. In na mutu gobe, haka za ka raba kayan mutane, ni kau a tambaye ni. Ɗauko biron da ke rubutu."

Ya faɗa, na rubuta: shanu na Buba, fadama ta Hajo, awaki na Inna. Ya dangwala yatsa, liman ya sa hannu. Na daure na tambaya, "Jakin fa, Baba?"

"Shi na ba ka tun yanzu, ba sai na mutu ba. Kun dace."

Bayan wasu shekaru Allah Ya yi wa Baba rasuwa. Buba ya riga shi, kuma 'ya'yansa ba su ma san da shanun ba. Da takardar nan a hannu na kora musu su har ruga, ina tafe ina kuka.

Har yau ina koyar da darasin gado. Kafin lissafi nakan ce kowa ya je gida ya tambaya me ke nasu, me ke na mutane. Kuma in zan kashe wani a misali, sai na tabbatar ba ya cikin ajin.