Yadda Aka Tallafa wa Muttaka da Kekensa

Jama'a, ran Asabar ɗin nan a layin mai na wuni a nan Talata Mafara, ina tura babur ina hutawa. Bayan la'asar na zo daf da famfo, har ina shaƙar ƙamshin fetur, sai ga motocin wani Ranka-ya-daɗe sun dawo daga aikin alheri. Aka ce mu ja baya. Muka ja, mu masu ladabi. Suka sha suka ƙoshi, aka cika jarkoki a but, mai ba da man ya rataye tiyo ya ce sai wani jiƙon. Ban yi fushi ba. Ina ni ina fushi da motar da tayarta ɗaya ta fi ɗakina tsada?

Ina turo babur gida da almuru na ci karo da abin da ya mantar da ni nawa. Maƙwabcina Muttaka masunci ne a kan kekensa, fayau, ba kaya.

Wanda bai san Muttaka ba ba zai gane girman wannan magana ba. Tun da na tare a unguwar nan ban taɓa ganin keken nan tsirara ba. Ƙaton goran da yake kifa ciki a kai ya yi iyo, wanda ya gada wurin mahaifinsa mutumin Tsibiri, shi ke zama a kariya, an tamke shi da robar tsohon tiyub. In ka biyo shi ta baya ko hularsa ba ka gani. Homa biyu, ragar nan mai lanƙwasasshen bakin itace, ɗaya dama ɗaya hagu, sun baje sun cinye hanya. Kwandunan kama kifi suna reto a hannun keke, birgi, ragar jefawa, a kafaɗa, darmarsa na dukan bayansa. Birki kuwa ya rasu tun zamanin da ake cika alkawari, silifas ne ke riƙon ƙwarya. Sai mutum biyu sun riƙe masa keken sun tura yake tashi, kuma ba ya sauka sai a bakin ruwa, inda akwai yashi mai laushi da zai faɗi a kai.

Na ce, "Muttaka, sannu da dawowa. Ina gajiya? Ina ruwa? Ina mutanen Bakura?"

Ya amsa duka ɗaya bayan ɗaya, da sauƙi, da godiya, har da tambayar ciwon gwiwata.

"To ina kaya?"

Ya dube ni ya ce, "Malam, an tallafa mani."

Na yi salati. Simon, ma'aikacin nan da muke katanga ɗaya da shi, ya fito da buta a hannu, muka zaunar da Muttaka a dakali, ga abin da muka ji.

Ranar ce ake buɗe wani tafki can gefen Damri. Sarkin ruwa ke hana taɓa shi shekara guda cur, sai ranar da ya sa, bayan azahar, a buga ganga kowa ya faɗa lokaci ɗaya, masuntan garin Kaya da na Maradun da na ko'ina. Wanda ya makara sai ya kamo laka. Kifin wannan rana shi matarsa Batulu ke bandawa, su ci su sayar har ruwa ya sauka. Gidan Muttaka ba gona, ba shago. Tafkin nan da kayan nan su ne tuwon yaransa.

Muttaka ya ɗauki hanyar nan ta kan gaɓar kwatar ban-ruwa, wadda dama ruwa ne, hagu gonar shinkafa. Yana cikin tafiya ya ji jiniya a bayansa. Waiwaye ba ya yiwuwa, gora ya tare. Kaucewa ba wuri. Tsayawa kuma ba a maganarta.

Ya ce, "Ni na ɗauka motar asibiti ce. Na yi ta yi ma maras lafiyar addu'a ina taka feda."

Ashe ayarin Mai Girma Uban Marasa Gata ne, Inuwar Talakawa, Allah ya ƙara masa sanyin mota. Motoci baƙaƙe reras, masu gudun iska, duk suka bi sahun keken Muttaka a hankali, ƙauye bayan ƙauye. Mutanen da aka jera a bakin hanya tun hantsi suka hango wani abu mai fukafukai a gaban ayari, ƙura na tashi. Mata suka rangaɗa guɗa. Maroƙa suka fara kirari. Wani mai kaki ya ƙame ya sara masa. Muttaka, mutum mai kunya, ya ga bai kamata ya wuce haka nan ba, sai ya yi ta kaɗa musu ƙararrawa.

Hanyar ta ɓulle a wani fili da aka kafa rumfuna. Nan wasu ƙarti suka cafke keken, karo na farko a rayuwarsa da ya sauka a tsaye. Wani mai gumi ya matso, sakataren Kwamitin Tallafa wa Masunta da Sauran Masu Jiƙa Ƙafa. Taron nasu ne. An kawo kujeru, an kawo lasifika, an kawo masu kamara, an shimfiɗa farin ƙyalle a dogon tebur. Abu ɗaya ne kawai bai iso ba, kayan tallafin. Suna hanya. Tun bara suke hanya, Allah ya kawo su lafiya.

Sakatare ya rage murya ya ce, "Bawan Allah, aron kayanka za mu yi. Na hoto ne kawai."

"Ranka shi daɗe, tafki za ni. Yau ake buɗewa."

"Yanzu-yanzun nan za ka tafi. Kai ba ka son ci gaba?"

Kafin ya ce yana so ko ba ya so, an kwance roba. Aka jera homa a tebur, aka baje birgi, aka ɗaura wa gora jan ƙyalle a wuya, wani ya fesa masa turare don kada ƙarni ya taɓa hancin manya. Har keken aka goge aka jingina. Muttaka ya tsuguna a gefe yana kallon 'yan'uwansa masunta da aka gayyato, sahu-sahu cikin shadda mai sitati, da agogo, da takalma sau-ciki. Ya ce ya shinshina iya shinshinawa bai ji ƙarnin kifi a jikin ko ɗaya ba.

Aka shiga jawabi. Mai gabatarwa ya gabatar da wanda zai gabatar da babban baƙo. Aka yi bayanin amfanin kifi ga ƙwaƙwalwa. Aka tashi aka yi azahar aka dawo. Ana cikin bayanin yadda za a riƙa fitar da kifinmu ƙasashen waje, iska ta kawo wa Muttaka sautin ganga daga wajen tafki. Ya zabura ya miƙe. Wani mai baƙin tabarau ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi ƙasa.

Sai Mai Girma ya karɓi lasifika. Ku saurara da kyau, don irin wannan shugaba ba kullum ake samunsa ba.

Ya ce, "Na san halin 'yan kwamiti. Ina juya baya, kayan nan sai a kasuwa. Wallahi ba na motsawa daga nan sai an raba su a gaban idona, kowa ya tafi da nasa!"

Fili ya ɗauki tafi. Ni ma da nake jin labarin sai da na kusa tafawa. Ga gaskiya, ga riƙon amana, ga sa ido a kan dukiyar jama'a! Muttaka ya dubi sakatare. Sakatare ya dubi sama, yana nazarin hadari a tsakiyar rani.

Aka fara kira. Homa ɗaya ta tafi ga wani mai kemis. Ta biyu ga ƙanin matar sakatare, wanda ya juya ta ya tambaya ko ta rufe 'yan tsaki ce. Birgi ya faɗa hannun wani da ya ce dama gidan sauronsa ya yage. Gora kuwa, da turarensa da jan ƙyallensa, aka rungumo shi aka miƙa wa Ɗanasabe mai cajin waya, mutumin da ko wankan rafi bai taɓa yi ba.

Nan fa hawaye suka zubo wa Muttaka, ƙato da gemu. Idon Mai Girma ya faɗa kansa.

"Ku dubi yadda talaka ke kukan murna! Wancan bai samu ba? A ba shi keken!"

Aka jawo shi gaba. Mai Girma ya riƙe hannun keke ɗaya, shi ya riƙe ɗaya, aka ce ya yi murmushi. Aka liƙa hoton Mai Girma a madigadi. Sannan aka sa masa lasifika a baki ya yi godiya a madadin masunta.

Simon ya ce, "To me ka ce?"

"Mi zan ce? Na ce Allah shi yi musu yadda sunka yi mani. Sunka ce amin da ƙarfi."

Da taro ya watse ya bi sakatare har bakin mota. Aka ce ya zo ofis. Ya tambayi inda ofishin yake, aka ce shi ma yana hanya. Ya hau keke ya nufi tafki, yana tangaɗi don bai saba da rashin nauyi ba. Ya tarar ana fitowa, kowa da gora cike. Wani tsohon abokin mahaifinsa ya tausaya ya ba shi tarwaɗa biyu, su ya ciro daga aljihu ya nuna mana.

Simon ya ajiye buta ya ce, "Ai na ji a rediyo ɗazu. An ce an fitar da masunta daga ƙangin talauci. Ashe kai ne aka fitar."

Na yi dariya, amma wallahi raina ya ɓaci, don na ga Batulu a bakin zaure da itacen banda da ta tara tun safe. Ta dubi tarwaɗar ta koma ciki.

Washegari Muttaka ya je wurin Ɗanasabe neman goransa. Ɗanasabe ya tarbe shi da shimfiɗa da ruwan sanyi, ya ce shi bai ƙi ba, amma Mai Girma ne ya ba shi da hannunsa, ga hoto ma a waya. Sai dai shi ba mugu ba ne. Muttaka ya ɗauki goran ya riƙa zuwa su a madatsar ruwa da shi, in ya kamo a kasa uku, ɗaya na mai gora.

Yau da safe ni da Simon muka riƙe masa keke. Gora ya koma kariya, an rubuta masa sunan Ɗanasabe da lambar wayarsa da jan fenti. Muttaka ya shafa shi, ya ja roba ya ƙara tamkewa. Na ce, "Haƙuri, maƙwabci." Ya ce, "Malam, ku tura dai, kar in makara maigida shi yi faɗa." Muka tura.

Kun ga an samar da aikin yi ke nan, masu cewa ba a komai sai su ji kunya. Na ji an ce zagaye na gaba na masu ɗinki ne. Rifkatu matar Simon tun jiya ta tura keken ɗinkinta ƙarƙashin gado, ta ce duk wanda ya tambaya a ce masa ita ko allura ba ta iya riƙewa ba.