Farin da Na Cike wa Shinuwa

Direban motar Damagaram ne ya kawo labarin cewa Shinuwa ya rasu a ƙasarsu. Haka muke kiran ɗan Sin ɗin da ya zo Tanut aikin rijiyoyi bayan babban fari.

Ana gobe zai tafi hutu, ya ba ni ajiyar rubutun da ya yi da buroshin gashin raƙumi, haɗin hannunsa. Baƙaƙen sun fito da fari-fari a ciki, kamar tawada ta ƙare masa. Ni kuwa allunan kantunan garin nan duk rubutuna ne. Na ce bawan Allah ya gaji. Na fiƙe alƙalami, na cike kowane gurbi tsaf, washegari na bi shi tasha da rubutun ina taƙama.

Ya daɗe yana kallo. Da guntuwar Hausarsa ya ce, "Malam, farin nan da ka cike, na yi shekaru ina nema."

Wani ɗan kamasho ya kece da dariya: "Jama'a, ku ɓoye zabinku, ga Mai-cikewa nan!"

Shinuwa ya dafa kafaɗata, ya ce in ya dawo zai koya mini. Har yau Mai-cikewa ake kirana, kuma ban ba shi haƙuri ba.