Barewar Attahir a kan jakin Raishatu

"…da rana kuma, bawan gidanmu? Me ka danne haka kamar kaza a kan ƙwai?"

"Lafiya lau, 'yar kawu. Wuce abinki, hanya da faɗi."

To, Raishatu ke nan da Attahir maharbi, a kwarin Tarka, rana ta fara zafi. Taubasai ne, uban Raishatu da uwar Attahir ciki ɗaya suka fito. Shi ya sa tun suna yara take ce masa bawa, shi kuwa bai taɓa amsa sunan ba, har ga su duk sun yi furfura. Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, dabbobin ƙasar Damargu sun ƙare, mutane na jiran rabon jar dawar agaji a garin Tanut. Ita ta fito da jakinta tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da yunwa ta koya wa mutane ci. Ungulaye ta hanga suna kewaya sama, ta bi su, sai ga tsohon nan a gindin aduwa, ya baza riga ya rufe wani abu.

Ta sa sanda ta ɗage gefen rigar.

Namijin barewa ne, ja, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu, cikinsa fari tas, ƙahoni a murɗe, ido baƙi wuluk kamar an sa masa kwalli. Ga ƙiba. A ƙasar da akuya ta kasa rayuwa, ina wannan ya yi kiwo, ina ya sha ruwa? Raishatu ta durƙusa ta shafa bayansa, tana tasbihi a hankali. Attahir ma tun da ya yanka shi mamaki bai sake shi ba. Rabonsa da ganin sawun barewa tun kafin fari. Ya fito ne kawai don ya kasa zama yana jin kukan jikansa. 'Yarsa Hadiza na jego, nono ya ƙafe, kukan jaririn kullum ƙara sirancewa yake. Sai Allah Mai iko ya tsayar masa da dabbar nan a gabansa, tana kallonsa. Ya sakar mata kibiya, ya bi ta da gudu don ya riske ta da rai kada ta zama mushe, ƙafarsa ta faɗa ramin dila. Ya dai ja jiki ya yi bisimilla ya yanka. Amma gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya, gari da nisa, in rana ta take naman ya lalace. Roƙon Raishatu kuwa, ya san har kabari sai ta bi shi da gori.

Ita ta fara dawowa hayyacinta. Ta ce ai ta gane, dabbar ganinsa ta yi yana jan baka, dariya ta kashe ta. Ya ce ƙarya take, kiran sunanta ya yi ta zo da ƙafarta, don kakanninta sun san kakanninsa. Ta ce to ya kira sauran dangin nata mana, gari na jira. Ya ce sun taho, muryarta suka ji suka koma Agadas.

"Tashi ka ɗauka mu gani, sarkin baka."

"Hutawa nake. Ba na tafiya tare da tsohuwar da jakinta ya fi ta haƙori."

Ta dubi gwiwar, ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Ta ce da ma tana neman abin da za ta kai wa ma'aikatan gandun daji masu hana farauta su ba ta tukuici. Ya ce ta je, su ma in sun gan ta za su ɗauka wata dabbar dawa ce su tsare ta. Sai kawai ta miƙa hannu ta zare wuƙar daga ƙugunsa.

"Na ƙwace. Kai da abin da ka kashe duk nawa ne."

Attahir ya laluba ƙugunsa, sai kube kawai. Kun san al'adar, abin da taubashi ya tarar a hannun taubashinsa in ya ɗauke ya ɗauku, ba fushi, ba ƙara gaban mai gari. Kuma a gidan Raishatu akwai marayun ɗanta, su ma anzar nan suke ci. In ta wuce da naman ba mai ganin laifinta.

Yana kallo ta feɗe, ta yanke wurin da dafin kibiya ya taɓa ta binne, ta naɗe cinyoyi da haƙarƙari a cikin fatar, ta rufe da ganye saboda ƙuda. Nama a gefe ɗaya na mangala, anza a ɗaya gefen, har kayan ya daidaita. Tana yi tana cewa Allah Ka ga bayinKa. Da ta gama ta ce ya kama wuyan jaki, ganima ba a barin rabinta a daji. Ta tallafe shi ya hau. Ya ce a dai shaida, shi ne a sama ita a ƙasa. Ta ce haka ake ɗora buhun gawayi ma.

Suka yi ta tafiya, ungulaye na sauka a bayansu. Ba ta ce uffan game da Hadiza ba, shi kuma girman kai ya hana shi tambaya. Har suka iso tsohuwar rijiya, inda hanya ta rabu, dama ta nufi tungar su Raishatu, hagu ta nufi gidan mijin Hadiza. Ta tsayar da jaki, ta juya kansa dama.

"'Yar kawu," in ji shi, muryarsa ta canza. "Yaron nan ko kuka ba ya iyawa sosai."

"Ni ba na jin maganar baƙo. In nawa ne ke magana, ya faɗi ko shi wane ne."

Attahir ya dubi fatar da jini ke ɗiga daga gefenta, ya dubi hanyar hagu.

"Bawanki ne, ranki ya daɗe."

"Ban ji ba, kunnen ya tsufa."

Ya sake faɗa da ƙarfi, har matan da ke jan ruwa suka juyo. Raishatu ta yi dariya har ta dafa gindin jaki, hawaye na bin kuncinta. Sai da ta share su da bakin zane ta ce masa tun asuba ta biya ta gidan, ita ta ɗora wa Hadiza ruwan wanka, ta kuma ce a wanke tukunya ko Allah zai kawo abin sawa a ciki. Ba ta dai zaci zai kawo ta hannun raggo ba.

Shi ma dariyar ta kama shi. Ya ce a cire cinya guda a kai wa marayu.

"Ka ji bawa da kyauta da kayan uwargijiyarsa," ta ce, ta ja akalar jaki hagu. "Riƙe da kyau, kada ka faɗo mini a gaban mutane."